Sabis ɗin babbar mota a Accra: me za a canza, yaushe, kuma da wane mai

Akasarin manyan motocin da ake gani a Nima, Mamobi, Madina Zango da East Legon, Benz ce ko BMW, Lexus ko Range Rover, ta tashar jirgin ruwa ta Tema suka shigo, kuma sun riga sun yi wa wani aiki a Amurka ko Turai kafin su zo hannunmu. Littafin da ya zo da motar zai ce maka, a misali, a yi wa Benz ɗin Amurka sabis bayan mil 10,000 ko shekara guda. Kilomita 16,000 ke nan. Ba ƙarya littafin ya yi ba, amma wa ya rubuta dominsa? Domin mutumin da ke hawa babban titi ya miƙe, iska babu ƙura, gari babu zafi.

Ga lissafin da zai nuna maka bambancin. Shiga allon gaban direba ka nemo matsakaicin gudun motarka. Wanda matsakaicinsa kilomita 60 ne cikin awa, kafin ya cika kilomita 16,000 injinsa ya yi aikin awa 267 kacal. Wanda kullum yana cikin cunkoson Circle, Kaneshie da Lapaz, matsakaicinsa 20, injinsa zai yi awa 800 kafin ya kai wannan lambar, da na'urar sanyi a kunne, da rana a kansa. Baƙin mai bai san kilomita ba, awannin da ya yi cikin zafi ya sani. Duk abin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Da farko, san motar, sannan ka fara ƙirga daga sifili

Kwafi lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17, daga ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko daga jikin ƙofa. Da ita ake sayen kaya, ba da "Benz C300 2015" ba, domin mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da inji ko giya daban. Duba kuma ko mitar tana ƙirga mil ne ko kilomita. Motocin Amurka mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mutane da yawa suna ganin 5,000 su ɗauka da saura, alhali sun ci kilomita 8,000.

Bayan haka a ɗora mata kwamfuta, irin wadda ke karanta dukkan kwamfutocin motar, ba ƙaramar da ke leƙa inji kaɗai ba. Babbar mota tana da kwamfutar giya, ta birki, ta na'urar sanyi, ta ƙafafu, kowace da nata ƙorafin. Ka ɗauki hoton duk abin da ya fito kafin fita, wato makanike, ya goge. A nan ake yawan cutar mai mota: a goge laifi, fitila ta mutu, bayan kwana uku ta dawo, kuma babu wanda ya tuna abin da ta ce da farko.

In motar sabuwar shigowa ce kuma ba ta da takardun sabis, kada ka yarda da "an yi mata komai" na dillali. Ɗauka ba a yi komai ba. A juye baƙin mai, man birki, man giya da ruwan lagireto, a sa sababbin filtoci da fulogai, a rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna. Daga wannan ranar tarihin motar ya fara.

Juye

Shawararmu ga motar da ke aiki cikin Accra: juye baƙin mai duk kilomita 6,000 zuwa 7,500, ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Mai yawan tafiya Kumasi ko Tamale yana iya kaiwa 10,000. Kwamfutar motar, ASSYST a Benz, CBS a BMW, za ta ce da saura. Bar ta da nata lissafin, ka riƙe naka.

Wane mai? Nan ne ake yawan kuskure, domin mutane lambar kauri kawai suke dubawa, 5W-30 ko 5W-40. Juya galan ɗin ka karanta bayansa. Benz mai fetur galibi tana son man da ke da amincewar MB 229.5, mai dizal da ke da matatar hayaƙi kuma 229.51 ko 229.52. BMW tana son Longlife-01, masu dizal Longlife-04. Audi na neman VW 502 00 ko 504 00, Porsche da yawa A40, Lexus na baya-bayan nan kuma 0W-20. Littafin motarka ne zai yanke hukunci, amma ka gane cewa lambar amincewar ita ce magana. Mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa tasi da trotro ba na waɗannan injina ba ne, ko da fita ya rantse cewa zafin Ghana ne ya sa. Hanyoyin mai a cikinsu sirara ne, turbo da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai suke aiki, kuma da safe mai kauri yana jinkirin isa sama. Wannan 'yar karaf-karaf ɗin ta daƙiƙa biyu da ake ji in an tada inji da sanyin safiya, sau da yawa sarƙar taimin ce ke jiran mai. In ta fara tsawo, a duba ta kafin ta tsallake haƙori.

Jabun mai yana nan a kasuwa, cikin galan mai kyan gani. Saya a gidan mai na kamfani ko wurin dillalin da aka sani, duba hatimin murfi, kuma a buɗe galan a gabanka. In an gama, a huda shi, kada gobe a sake cika shi a sayar wa wani.

Yadda aikin ya kamata ya tafi: inji da ɗumi, mota a wuri mai daidai. A sauke tsohon mai ta ƙasa ko a zuƙe shi ta sama da famfo, duka biyun daidai ne in injin an yi shi don haka. Filtar mafi yawan motocin Jamus takarda ce da ke zama cikin gidan roba a saman inji, kuma a kwalinta akwai sababbin zobban roba. A sa su. Yaran shago kan bar tsofaffin domin sauri, daga nan yoyo ke farawa. Murfin filtar ana ɗaure shi da ƙarfin 25 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), galibi an rubuta a jikinsa. Notin ƙasa yana son sabuwar washa, da ƙarfin 25 zuwa 30 Nm a yawancinsu. Kaskon mai na alminiyam ne ko roba, in aka ɗaure shi da ƙarfin tuwo sai zaren ya tafi. Garejin da ba shi da sifanar awon ƙarfi bai kamata ya taɓa irin wannan motar ba.

Yawan mai kuwa: mai silinda huɗu kan sha lita 5 zuwa 7, mai shida lita 6.5 zuwa 8, V8 lita 7.5 zuwa sama. A zuba ƙasa da adadin da rabin lita, a tada, a kashe, a jira, a auna, sannan a cike. Yawancin BMW da wasu Benz da Audi ba su da sandar gwaji, a allo ake gani, kuma sai inji ya yi ɗumi. Cika mai fiye da ƙima ba alheri ba ne: yana kumfa, yana fasa sil, yana bin bututun numfashin inji ya shiga inda iska ke bi. A ƙarshe a sake saita ƙirgen sabis. Service A a Benz shi ne ƙarami, mai da filta da dube-dube, Service B kuma babba, wanda ke haɗawa da filtar na'urar sanyi da man birki.

Maganin wanke inji da ake zubawa kafin juye, a motar da ba a san tarihinta ba, mu ba ma so. Yana ɓamɓaro dasƙararriyar dauɗa ta je ta toshe rariyar famfon mai. Gara juye biyu a jere, kilomita 2,000 tsakaninsu.

Iska

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ke sauko mana da ƙura. A duba filtar iska a kowane juye, a canza ta kilomita 15,000, kuma lokaci mafi dacewa shi ne ƙarshen hunturu. Kada a hura ta da kwamfiresa, iskar tana yaga ƙananan ramukan takardar, ƙura ta wuce ta ɓata sensar da ke auna iska. Wasu V6 da V8 filta biyu gare su. Filtar cikin mota shekara-shekara. In sanyi ya ragu, fara da ita da wanke ragar gaban lagireto kafin a ce maka gas ya ƙare. Gas ba ya ƙarewa sai in akwai yoyo.

Man giya

Za ka ji an ce man giyar waɗannan motoci na har abada ne. Kamfanin ZF, wanda ke ƙera giya mai hawa takwas da ke cikin BMW, Range Rover, Jaguar da Audi da yawa, shi da kansa yana ba da shawarar a riƙa canzawa. A zafinmu da cunkosonmu, kilomita 60,000 ne inda muke tsayawa.

Wannan aikin ba na kowane shago ba ne. Giyar ZF filtarta a haɗe take da kaskon roba, kaskon gaba ɗaya ake canzawa. Giyar Benz mai hawa bakwai ba ta da sandar gwaji, ta ƙasa ake tura mata mai da famfo, kuma notocin kaskonta na alminiyam ne, sau ɗaya ake ɗaure su. Man nata kala biyu ne: ja mai lamba 236.14, da shuɗi mai lamba 236.15 na waɗanda suka fito daga wajejen 2010. Ba a haɗa su, ba a musanya su. Mai hawa tara kuma nata daban, 236.17. Lexus na amfani da Toyota ATF WS. Sauke kasko kan fitar da kamar lita biyar daga cikin kusan tara da ke ciki, saura yana cikin kwanbata, abin da ke haɗa inji da giya.

Abin da ke raba gwani da mai koyo shi ne zafin mai lokacin awo. Mai yana kumbura in ya yi zafi, saboda haka ana daidaita shi ne inji na aiki, kwamfuta na nuna zafinsa: digiri 45 a Benz mai hawa bakwai, tsakanin 30 da 50 a ZF. A tsakar ranar Accra giya kan wuce wannan da wuri, don haka aikin na safe ne. In aka auna da zafi ya wuce, mai zai kasa, mota ta fara fizga ko jinkirin shiga giya.

In motar ta haura kilomita 200,000 ba a taɓa taɓa giyarta ba, kuma ta riga ta fara zamewa, sabon mai ba zai warkar da ita ba. Kada a bari a tura mata mai da injin wanki mai matsi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu jan taya huɗu kuma suna da ƙaramin akwatin raba ƙarfi da difaranshal biyu, kowanne da nasa man, ana canza su lokaci ɗaya da na giya, kuma su ne aka fi mantawa.

Lagireto, da maganar cire tamostat

Ruwan famfo ko ruwan leda ba ya shiga lagireto. Yana barin gishiri a ciki, yana cin alminiyam. Abin da ake so shi ne rabi maganin lagireto irin wanda kamfanin ya faɗa, rabi tataccen ruwa. Kala ba hujja ba ce, lambar jikin galan za ka duba, domin haɗa iri biyu kan zama kunu. Duk shekara uku zuwa huɗu a juye, a kuma fitar da iskar da ta maƙale. A BMW mai famfon ruwa na lantarki akwai tsarin da ake kunnawa famfon ya fitar da iskar da kansa.

Al'adar da ta fi kashe injina a garejinmu ita ce cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye, wai ƙasarmu da zafi. An ƙera waɗannan injina su yi aiki a digiri 90 zuwa sama da 100. In ba tamostat, kwamfuta tana ganin inji bai yi ɗumi ba, sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ya wanke jikin silinda, ya sirka baƙin mai, fulogai su yi baƙi, matatar salansa ta toshe. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, famfo ya gaji, fanka ta mutu, ko murfi ba ya riƙe matsi. A nemo shi. Tankin ruwa da mahaɗan bututu na roba ne, daga shekara takwas suna yin gautsi. Farin busasshen tabo a jikinsu alamar yoyo ce. In kuwa jar fitilar zafi ta kama, tsaya nan take ka kashe inji. "Bari in ƙarasa gida" ta ƙone gaskit ɗin mutane da yawa.

Fetur da fulogai

In murfin tankin motar Amurka ya ce 91, ba 91 ɗin gidajen manmu yake nufi ba. Ma'aunin Amurka daban ne, 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan. Don haka nemi fetur mai RON 95, musamman in injin mai turbo ne. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, fetur ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa. Fulogai a canza su duka lokaci guda, kilomita 50,000 zuwa 60,000 a masu turbo, da inji mai sanyi. In fitilar inji tana ƙyaftawa, ba tsayawa ta yi cak ba, silinda ce ba ta ƙona mai, kuma ɗanyen fetur na zuwa salansa. Kada a ci gaba da tafiya.

Mai dizal da matatar hayaƙi yana bukatar ya miƙe hanya, minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, ko da sau biyu a wata, don ta ƙone tokar da ta tara. Mai tankin AdBlue, ruwan da ke tsabtace hayaƙin dizal, kada ya bari ya ƙafe, motar za ta ƙi tashi. Tambayi kuma ko injinka sarƙa gare shi ko bel. Yawancin Benz da BMW sarƙa ce, amma Range Rover mai dizal V6 da tsohuwar Lexus LX 470 bel ne, kuma bel ɗin da ba a san shekarunsa ba canza shi ake yi.

Birki, taya da ƙafafu

Man birki yana shan danshin iska, mu kuwa a bakin teku muke. Sabon man birki irin DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230, wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. A gangaren Aburi ne za ka ji bambancin, lokacin da feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Duk shekara biyu a juye shi gaba ɗaya, lita ɗaya ta isa. Takalmin birki in ya kai milimita 3 a canza shi tare da sensarsa, a kuma auna faifan, an buga mafi ƙarancin kaurinsa a gefensa. Motar da birkin hannunta maɓalli ne, sai an sa shi a yanayin sabis kafin a tura fistan baya, in ba haka ba ƙaramin injin lantarkinsa ya lalace.

Taya kuwa, karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, mai zane mai kyau amma tsohuwa, ko wadda aka yi don ƙanƙara, ba ta jure kwaltarmu. Nemi mai Temperature A ko B. Iska a bi takardar jikin ƙofa ko murfin tanki, a auna da safe, ba da bugun ƙafar mai faci ba. A masu jan taya huɗu, tayoyin su zama iri ɗaya da ci ɗaya, in sun bambanta akwatin raba ƙarfi ne ke biyan bashin. Notin wili da sifanar awo ake ɗaure shi, galibi 120 zuwa 150 Nm bisa ga motar.

In ƙafafun motar na iska ne, yi wannan gwajin: da dare auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi a kusurwa huɗu, da safe ka sake. Kusurwar da ta sauka balan-balan ɗinta na yoyo. In ka ƙyale, kwamfiresa zai yi ta aiki har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu.

Batir da damina

Batirin yawancinsu AGM ne, a but ko ƙarƙashin kujera. A maye gurbinsa da irinsa da girmansa, kuma a BMW da Audi a sanar da kwamfuta cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsoho. Lafiyayye yana nuna bolt 12.6 in mota ta kwana, ƙasa da 12.2 ya yi rauni, kuma raunin batir kan jawo fitilun ƙarya barkatai. In za a ja wuta daga wata mota, a yi amfani da wuraren da aka tanada ƙarƙashin bonet. Mai tafiya Hajji ko Arewa na makonni ya sa mata ƙaramar caja mai riƙe batir.

Kafin ruwan Afrilu, a buɗe magudanan rufin gilashi da na ƙasan gilashin gaba. In ganye ya toshe su, ruwa yana gangarawa ƙarƙashin kafet, inda kwamfutoci da wayoyi suke kwance. Duk wanda ya san yadda kogin Odaw ke cika, ya kuma tuna ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Circle, ba sai an gaya masa ba: ruwan da ya kai tsakiyar wili ba na ratsawa ba ne. In ta mutu cikin ruwa, kada ka sake murza ta. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. A jawo ta, a cire fulogai, a fitar da ruwan, a duba mai.

A Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota

Hom-yus yana da wurinsa: fitila, ƙofa, madubi, wili. Amma filta, fulogi, takalmin birki, bel, famfon ruwa, tamostat da duk abin roba, sabo kawai. Ba dole sai mai tambarin motar ba, domin kamfanonin da ke yi musu kayan suna sayarwa da sunansu: Mann, Mahle da Hengst a filta, Bosch, NGK da Denso a fulogi, ATE, Textar da Brembo a birki, Lemförder a ƙafafu. Su ma ana jabunsu, don haka in farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka san araha ba ta ado. Je da lambar kayan da aka ciro daga VIN, in da hali da tsohon a hannu.

Ranar sabis ka ce wa masta ya ajiye maka duk abin da ya cire. A rasit a rubuta kwanan wata, kilomita, sunan mai da lambar amincewarsa, da lita nawa aka zuba. Takardar lafiyar mota ta DVLA ba ta maye gurbin wannan, su ba sa leƙa cikin giya. Kafin ka bar gareji a sake ɗora kwamfuta, ka tabbatar an mayar da murfin ƙasan inji da notocinsa duka. Washegari da safe, kafin ka tada ta, durƙusa ka dubi ƙasa inda ta kwana, sannan bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada notocin wili.